Igiya Arba'in da Gurguwar Jaka

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya kafa duwatsu, ya ba kowace halitta abincinta da halinta, nake buɗe bakina. Ku matso, ku gyara zama, ku ara mini kunnuwanku. Ni ne Tunau ɗan Barmo, farke jikan farke, wanda ya iya zama a bayan jaki kafin ya iya tafiya da ƙafa. Na keta ƙasashe goma sha ɗaya, na sha ruwan koguna bakwai, na sauka a garuruwan da ko sunansu ba ya zama a harshe. Amma in kuka tambaye ni wanda ya fi gasa mini gyaɗa a hannu a duk yawon duniyata, ba sarki ba ne, ba ɗan fashi ba ne. Wata jaka ce mai yagaggen kunne, kuma har yau in na tuna ta sai haƙarƙarina ya motsa.

A shekarar da annoba ta faɗa wa dabbobin ƙasarmu, ni da Cindo muka wayi gari ba mu da ko jela ɗaya. Cindo ɗan kawuna ne, taubashina, kuma abokin fataucina. Ƙato ne mai cin tuwon mutum uku, bakinsa kuwa ba ya hutawa sai in yana tauna. Tun muna yara yake kirana bawansa, wai shi ɗan namiji ne ni ɗan mace, har gemu ya fito mana bai daina ba. Shi ya kwaso mana labari a kasuwa, cewa can bayan Kogin Rairayi akwai wani kwari mai jakuna sun fi dubu, ba mai su, ba mai kiwonsu, wanda duk ya kama nasa ne.

Wata biyu muka yi muna shiri. Ni ne gwanin tufka a gidanmu, sai na zauna na tufka igiyar rama guda arba'in, kowacce na saka mata jan zare ɗaya a tsakiya don in gane aikina duk inda na gan shi. Cindo ya tanadi dusa da guzuri da salka biyu da ɗan man kaɗe. Muka sallami mutanen gida, muka kama hanya a ƙasa kamar waɗanda ba su taɓa mallakar dabba ba.

Kogin Rairayi kogi ne na gaske, yana gudu yana tumbatsa, sai dai babu ɗigon ruwa a cikinsa, yashi ne zalla. Masu fito suna ƙetarar da mutane a cikin ƙwarya wadda ta kai ɗaki girma. Muna tsakiyar kogi tamu ta tsage, yashi ya fara tsiyayowa, mai fito ya hau salati. Na dubi tsagar, na dubi Cindo, na ce ya zauna a kanta. Ya zauna ya toshe ta tsaf, muka kai gaɓa lafiya, kuma ranar ce kaɗai na taɓa gode wa Allah saboda cin da yake yi. Daga nan muka ratsa wani daji inda itatuwa ke juya ganyensu su hana matafiyi inuwa. Kwana shida muna tafiya muna zaginsu, sannan muka hango wani farin gari yana ƙyalli a rana.

Garin Kanwa sunansa. Gidajensa da ganuwarsa duk da curin kanwa aka gina su, kuma ba a ruwan sama a ƙasar, da tuni garin ya narke. Abin da ya ba mu mamaki shi ne babu dabbar kaya ko ɗaya. Kowa a kansa yake ɗaukar nasa, tsoho da yaro, har mai garin muka gani da tulunsa yana dawowa daga rijiya. Muka sauka a gidan wata tsohuwa mai ɗori, Iya Tabawa, wadda ƙofarta ba ta rabuwa da masu karaya da targaɗe.

Ta dubi damin da ke kaina ta ce, "'Ya'yan nan, wannan igiya haka, rijiya za ku haƙa?"

Cindo ya ce, "Jakuna za mu kamo, Iya. In mun dawo zan ba ki ɗaya ki huta da ɗaukar tulu."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Kakanninmu ne masu jakunan nan. Kanwa suke haƙa su labta musu, safe da yamma, har bayan kowane jaki ya zama gyambo. Wanda ya faɗi a hanya sai a kwance kayan a bar shi ga ungulu. Wata safiya aka tashi aka tarar da turaku wayam, igiyoyi a tattaune. Sun tafi bayan Dutsen Kunnuwa, tafiyar kwana biyar in an zagaya. Tun ranar muke ɗaukar kayanmu da kanmu, gidanmu kuma yake ɗora ƙasusuwan da kayan suka karya."

Na ce, "Ba wanda ya bi su, Iya?"

"An bi, ɗan nan. Masu rabon dawowa a tabarmar can nake kwantar da su. Ku bar mini igiyar nan a nan. Ko jakin da aka haifa jiya a kwarin ya san warinta."

Muka yi mata godiya cikin ladabi, muna fita daga gari muka fashe da dariya. Wai matar da ba ta taɓa riƙe jelar jaki ba ita za ta koya wa jikokin fatake sana'arsu.

Ranar ta biyar muka gangara kwarin, kuma wallahi mai labarin kasuwa bai ƙara gishiri ba. Ga su nan birjik, jikinsu sumul yana sheƙi, babu tabon kaya a bayan ko ɗaya. Wani baƙin bingi, ƙaton namijin jaki, shi ne shugabansu, yana tsaye a kan tudu yana kallonmu kamar mai gari ya ga baƙin da bai gayyata ba. Ruwansu ma su suke nema wa kansu. Akwai wata busasshiyar ƙorama a tsakiyar kwarin, sai su tona yashinta da kofato har ruwa ya tsatso, su sha, mu ma mu sami na cika salka.

Yadda ake kama jaki a garinmu kowa ya sani. Ka zuba dusa a tafin hagu ka miƙa gaba, ka ɓoye igiya a hannun dama ta bayanka, kana tafe kana yi masa magana mai daɗi. Haka ubana ya koya mini, haka nasa uban ya koya masa. Kwana uku ina wannan. Sai su bar ni in matso saura taki talatin, sannan su ja baya taki talatin, su ci gaba da kiwonsu. Ba gudu, ba tsoro, raini kawai.

Muka koma ga dabara. Na binne zarge goma sha biyu a cikin yashi, kowanne ɗaure da turke, na ajiye gutsuren kanwa a tsakiya. Da muka koma dubawa, kanwa ta tafi, zargunan an tono su an ture gefe, an kuma yi musu kashi a kai don kada mu yi zaton iska ce. Na kwashe su ina huci ban ko ƙirga ba.

Cindo ya ce shi ya gaji da wasan yara. Zai hau wani dutse da ke bakin wata matsattsiyar hanya, ni in koro garken, shi kuma ya diro a bayan bingin ya danne shi da nauyinsa. Na ce masa wannan hauka ne. Ya ce bawa ba ya ba ubangijinsa shawara. Na koro su, bingin ya shigo gaba, Cindo ya yi tsalle. Bingin bai yi gudu ba, taki ɗaya kawai ya matsa gefe.

Ƙashin ƙaurin Cindo ya karye har ya huda fata. Na jawo shi inuwar dutse, na ɗaure ƙafar da karare iyakar iyawata, amma ni ba mai ɗori ba ne. Na gwada goya shi, na yi taki ɗari biyu, muka zube tare.

Yana nishi ya ce, "Bawan banza, ko ubangidanka ba ka iya ɗauka."

Na ce, "Da ka rage tuwo shekara ashirin da suka wuce."

Muka yi dariya kaɗan, amma kowannenmu ya san lissafin. In ƙafar nan ba ta isa hannun Iya Tabawa ba kafin ta ruɓe, a kwarin nan zan haƙa masa kabari. Kuma babu abin da zai kai shi sai bayan jaki.

Tsoro ya sa na yi abin da na fi jin kunyarsa. Na laɓe na cafke wani ɗan jaki, da nufin in na riƙe shi uwar za ta biyo ni. Uwar ta biyo ni, da ita da garken duka. Bingin ya gatsa mini cizo a kafaɗa, na saki ɗan na haye itace, suka kewaye ni har rana ta karkata. Daga nan suka juya suka nufi can ƙuryar kwarin. Kafin su tafi sai da suka bi ramukan ruwansu ɗaya bayan ɗaya suka tattake su. Na tona da hannuna har farcena ya yi jini, abin da na samu bai wuce taɓo mai ɗan danshi ba. Salka ɗaya da rabi suka rage mana.

Kwana biyu bayan haka ina neman itace na ji motsi a bayan wasu duwatsu. Wata jaka ce ita kaɗai, toka-toka, kunnenta ɗaya a yage, tana tsaye da ƙafa uku. Ashe zarge ɗaya na manta a yashi. Ta taka shi, ta tumɓuke turken tana jansa, igiyar ta nutse cikin naman ƙafarta ta gaba. Wurin ya kumbura, ƙudaje sun rufe shi. A tsakiyar ciwon ga jan zarena nan ina gani.

Ba zan yi muku ƙarya ba, abin da ya fara zuwa raina shi ne Allah ya kawo jaki. Na koma da gudu na gaya wa Cindo.

Ya ce, "Gurguwa ka samo wa gurgu? To sai ka ɗaura mana aure."

Na ce in na cire igiyar ƙafar ta warke, za ta kai shi gari. Na ɗebi dusa da ruwa a ƙoƙo na nufe ta, babu igiya a jikina, ina yi mata magana mai laushi irin wadda ban taɓa yi wa matata ba. Ina matsowa ta zabura da ƙafa uku, turken yana tsalle a bayanta, kowane tsalle igiyar na ƙara shiga. Na tsaya, ta tsaya. Na matsa, ta zabura. Na ajiye ruwan na ja da baya, ta ƙi sha sai da na ɓace mata da gani. Yini biyu cur muna haka. Na roƙe ta, na rantse mata, na zage ta, na jefar da hulata ƙasa na tattaka. Ga magani a hannuna, ga mai ciwo a gabana, taki goma tsakaninmu, kuma ba yadda zan yi.

Garin guje mini ta zagayo har kusa da inuwar da Cindo ke kwance. Zazzaɓi ya riga ya kama shi, ƙafar ta fara wari, amma idonsa biyu yana kallonmu.

Ya ce, "Tunau." Da na ji ya kira ni da sunana, na san ba wasa yake ba. "Me ke hannunka na dama?"

"Ba komai."

"To me yake yi a bayanka?"

Na waiwaya na duba. Ga hannuna can a baya, a dunƙule, yana riƙe da igiyar da babu ita. Shekara talatin ina kama jaki, hannun ya san wurinsa ko ban aike shi ba.

Cindo ya ce, "Ba fuskarka take kallo ba, ba kuma dusar ba. Kafaɗarka take kallo. Tun ɗazu nake gani."

Na zauna a ƙasa. Kunya ta kama ni gaban jaka. Yini biyu ina rantse mata ni mai taimako ne, alhali tsayuwata tsayuwar mai kamu ce, kuma ita ce mai gaskiya, don niyyata ma ai kamun ne. Na tashi na tattaro sauran igiyoyin, talatin da tara, na tara su nesa da ita na cinna musu wuta.

Cindo ya ɗaga kai da ƙyar ya ce, "Dukiyarmu fa ke nan, ɗan gwaggo."

Na ce, "Wata biyu na yi ina tufka ta, ba sai ka tuna mini ba."

Na goge hannuwana da toka da yashi don warin rama ya fita, na je na zauna a rana nesa kaɗan da ita, ƙoƙon ruwa kusa da ƙafata, tafuka biyu a buɗe a kan gwiwoyina. Kada ku ɗauka abu ne mai sauƙi. Duk sanda ta motsa sai in ji hannun dama yana sulalewa baya da kansa, sai na buge shi da na hagu. Ina zaune ba na komai, a bayana kuma ina jin nishin Cindo, ina sane kowace inuwa da ta matsa an rage kwanansa ne. Ban taɓa ƙin wani abu ba kamar yadda na ƙi zaman nan. Na so in tashi in danne ta in yanke igiyar da ƙarfi, amma na san in na yi haka ba za ta sake bari mutum ya kusance ta ba.

Sai washegari da hantsi ta rarrafo ta sa baki a ƙoƙon, idonta a kan hannuwana. Na bar ta ta sha. Na fito da wuƙata a fili, na ajiye a ƙasa, ta sunsuna ta. Na taɓa ƙafar, ta janye. Na jira. Na sake taɓawa, ta janye. A karo na ban san ko nawa ba ta bar hannuna a wurin. Na sa wuƙa a hankali na yanke igiyar, na zare ta daga cikin nama, ita kuma ta juya ta narka mini harbi a haƙarƙari har na ga duhu da rana tsaka.

Da numfashina ya dawo na ga ba ta gudu ba. Tana tsaye tana rawar jiki, jini da mugunya suna zuba. Na jiƙa kanwa na wanke ciwon, na tsince tsutsotsin da ke ciki ɗaya ɗaya, na shafa mata man kaɗe. Abin da ya rage na man na raba biyu, rabi ƙafarta, rabi ta Cindo. Ruwan ma haka na raba, uku, nawa ya fi ƙanƙanta. Ina cikin tsince tsutsotsin nan ne na lura na daina auna faɗin bayanta da ido. Tausayinta kawai nake ji, da haushin kaina, don wannan ciwo da hannuna na tufka shi.

Kwana uku ina jinyar gurgu biyu. Ita tana samun sauƙi, shi yana ƙara lalacewa, har ya fara kiran sunayen jakunanmu da suka mutu. Ranar ta huɗu ta sauke ƙafar ta taka. Ta yi taki biyar, ta dawo ta sunsuni kaina. Murna ta kama ni. Na tuɓe rigata na ninka, na matso da ita a fili don in shimfiɗa mata a baya. Ta dubi rigar, ta dube ni, ta juya ta kama hanyar da garken ya bi, tana ɗan ɗingishi, ko waiwaye babu.

Na bi ta da zagi har kakanninta na bakwai. Na tuna mata ruwana da ta sha da man da na hana ɗan'uwana. Da muryata ta dushe sai na durƙusa na yi kuka, kuka sosai, irin wanda rabona da shi tun rasuwar mahaifiyata.

Ba sauran dabara sai ja. Na sari rassa biyu don in yi abin da zan ɗora Cindo in ja shi, sai na tarar ba ni da abin ɗauri, tunda mai hankali ya ƙone igiya talatin da tara. Na yayyaga rawanina na ɗaure. Daga safiya zuwa azahar ina ja, da na waiwaya dutsen da muka baro yana nan kusa kamar in jefa masa tsakuwa. Salka ta bushe. Na gangara da shi cikin busasshiyar ƙoramar don akwai 'yar inuwa a gindin gaɓa, na kwanta kusa da shi, na riƙe hannunsa, na daina tunanin komai.

Ƙarar tono ce ta sa na buɗe ido. Jakar ce ta dawo, tana nan taki goma daga gare mu, tana watsa yashi da lafiyayyar ƙafarta. Ta daɗe tana tonawa kafin ruwa ya tsatso. Ita ta fara sha, ta ƙoshi, sannan ta matsa gefe. Na ɗebo na ɗiga wa Cindo a baki, na sha, na cika salka. Ban yi mata magana ba, don ina tsoron bakina.

Ba ta tafi ba, amma kada ku ce durƙusawa ta yi ta ce bisimilla. Na jawo Cindo kan gaɓa, na ajiye gutsuren kanwa na ƙarshe a ƙasa daidai inda bayanta zai zo ƙarƙashinsa. Na shimfiɗa rigar, ta kaɗe ta. Na sake, ta bari. Na ɗago Cindo, ta matsa, na rungume shi muka koma baya. Sau biyu tana yi mini haka. A na uku na tsaya kawai riƙe da shi, hannuwana duka a gabanta tana gani, na daɗe a haka. Sai ta ja dogon numfashi ta jingino da gaɓar.

Zazzaɓi ya cinye rabin Cindo, duk da haka kaya ne. Na bi gefenta na tallabe shi da kafaɗata don in rage mata. Muna fita daga ƙoramar ta saki hanyar da muka zo, ta miƙe sak zuwa Dutsen Kunnuwa, wanda ba shi da ƙofa ko mashiga a iya ganina. Na ce mata ba nan ba ne. Na sha gabanta, ta kewaye ni. Hannuna ya kai har kusa da kunnenta zan murɗa, na janye shi. Babu igiya, babu sanda, ga ran ɗan'uwana a bayan dabbar da ba ta jin maganata, ni kuma ina biye kamar ɗan rakiya. Inda ta ga dama ta tsaya, mu sauke shi ta huta. Sanda ta ga dama ta tashi.

A gindin dutsen, bayan wata ƙatuwar ƙaya, ashe akwai tsaga wadda jaki ɗaya kawai ke iya bi. Ganuwarta santsi kamar an goge, saman kuma sai wani siririn haske. Ta nan kakanninta suka gudo. Tafiyar da ta ci mana kwana biyar, a kwana biyu muka yi ta.

Muka fito a kan tsofaffin ramukan kanwa. Can nesa ga farin garin yana ƙyalli. A bakin ramukan akwai turakun dutse jere, waɗanda igiya ta cinye wa wuya tun zamanin da. Nan ta tsaya cak.

Na ce, "Haba baiwar Allah, ga garin can. Rabin yini ya rage."

Ta ƙi. Na lallaɓa, na shafa wuyanta, na yi mata alkawarin ba wanda zai taɓa ta. Na dubi Cindo, ya daina ko nishi, kansa na lilo. Raina ya ɓaci har na ɗaga murya. Sai na dubi ƙafafunta na ga duka huɗun suna karkarwa, hancinta a buɗe tana shaƙar iskar da ke zuwa daga gari. Ta kawo mu iyakar inda za ta iya.

Na sauke shi. Na durƙusa na jawo shi bayana, na ɗaure shi a jikina da tsumman rawani. Kafin in miƙe ta riga ta juya. Na so in ce mata wani abu, amma nauyin Cindo ya hana ni numfashin magana, na ga jelarta kawai tana shiga tsagar.

Mutumin da taki ɗari biyu suka kayar da shi a kwari, shi ya ɗauki Cindo daga ramukan kanwa har Garin Kanwa. Kada ku tambaye ni yadda aka yi. Na faɗi ya fi sau goma. Tsumman ya yanke mini kafaɗu, gumi da ƙurar kanwa suka shiga ciki. Inda na kasa miƙewa na yi rarrafe. Da la'asar na zube a ƙofar Iya Tabawa.

Ba ta ce ai na gaya muku ba. Ta sa aka kwantar da shi a tabarmar da ta nuna mana, ta kwance kararena tana tsaki, ta tsaga, ta matse, ta wanke, ta ja ƙashin ya koma wurinsa. Cindo ya yi wata ƙara da ta tabbatar mini yana da rai.

Ta ce, "Ƙafar za ta gajarta, amma mai ita zai tashi. Da kun ƙara kwana ɗaya, da ba wurina za ka kawo shi ba."

Na kifa kaina a ƙasa. Can na ji muryarsa ƙasa ƙasa. "Bawana, jaki nawa muka kamo?"

Na ce, "Ɗaya, kuma ga shi nan zaune kusa da kai."

Iya Tabawa ta wanke hannu ta zagayo bayana. Ta dudduba. Ta ce in sunkuya. Fata ta saɓule daga kafaɗa har tsakiyar baya, tsumman ya manne a cikin nama. Ta jiƙa shi tana ɗagawa a hankali, ina cizon leɓe.

Ta ce, "Tun daga ina ka ɗauko shi, ɗan nan?"

"Daga ramukan kanwa, Iya."

"Wajen turakun nan?"

"Nan."

"Tafiyar nawa ke nan?"

Na ce, "Rabin yini."

Ta ce, "Rabin yini. Su kuwa jakunan safe da yamma suke bin hanyar nan da kaya." Ta lakaci magani ta ci gaba da shafawa.

Nan zan sauke kayana, jama'a. Abin da na gani na faɗa, abin da na manta Allah ya sani. Ya huce gajiyar mai faɗa da mai ji.